Yadda ake auna ingancin rayuwar mai fama da daɗaɗɗen ciwon fatar baki

Akwai wata baiwar Allah da na daɗe ina dubawa a sashen haƙori, mai ciwon nan da ke fitar da farin zane kamar saƙar gizo a cikin kumatu, wanda likitoci ke kira laikin filanus. Duk zuwan da za ta yi, in na tambaye ta jiki sai ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ni ma in na haska bakin sai in ga jan ya ragu, in rubuta cewa magani na aiki. Sai ranar da na zauna da ita da takardar tambayoyi sannan na gano cewa wata bakwai ke nan rabonta da miya mai yaji, kunu take sha sai tuwon da ta dama da ruwa. Ta daina zuwa biki don kada a ga ta ture kwano a ce tana ƙyamar mutane. Karatun Alƙur'ani da take yi a bayyane bayan asuba ma ta rage shi, saboda harshe na gogar wurin. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da tocila za ta nuna maka.

Wannan bayani na ma'aikacin lafiya ne da ya fara aiki da irin waɗannan majinyata, ko ɗalibin da zai yi bincike a kansu. Cututtukan da nake nufi su ne waɗanda ke zama a fatar cikin baki wata da watanni ko shekaru: laikin filanus, da gyambon baki mai tafiya ya dawo da ake kira afta, da cututtukan da ke sa fatar baki ta yi bororo ta saluɓe, wato femfigus da femfigoyid, da kuma ciwon Behcet, wanda shi ma yake fitar da gyambo a baki. Yawancinsu ba a warkewa ɗungurungum, lallaɓawa ake yi. Shi ya sa tambayar "yaya ciwon ya bar shi yake rayuwa?" take da nauyi daidai da "yaya wurin ya koma?"

Kayan aiki

Takardar tambayoyi da aka buga da manyan haruffa, kwafi biyu ga kowane majinyaci. Biro, da allon ɗora takarda. Rula mai milimita. Kati mai ɗauke da amsoshi biyar a rubuce, da boko da ajami in da hali. Kofunan roba guda biyar masu nuna abin da ke ciki, da ɗan gero ko yashi. Kalkuleta, ta waya ma ta isa. Fayil ɗin majinyaci, da littafi ko kwamfuta inda za ka tara maki. Sai kayan duba baki da ka saba da su: safar hannu, madubin haƙori, gozi, tocila. Abu na ƙarshe kuma mafi wahalar samu a asibitocinmu shi ne ɗaki ko lungu da za a iya rufe ƙofa na minti goma sha biyar.

Mataki na 1: Zaɓi takardar da za ka yi amfani da ita

Guda uku ne za ka fi cin karo da su.

Ta farko ita ce COMDQ, wadda Richeal Ní Ríordáin da Christine McCreary suka tsara a makarantar koyon aikin haƙori ta Cork a ƙasar Ayalan, aka fitar da ita a 2011. Musamman don waɗannan cututtuka aka yi ta, kuma daga bakin majinyata aka tattaro tambayoyinta. Tambaya 26 ce a rukuni huɗu: zafi da kasa amfani da baki (9), magani da jinya (6), mu'amala da mutane da halin zuciya (7), sai tallafin da majinyaci ke samu (4). Kowace amsa daga 0 zuwa 4 take, jimla daga 0 zuwa 104.

Ta biyu taƙaitacciyarta ce, COMDQ-15, wadda masu bincike a cibiyar haƙori ta Eastman da ke Landan suka fitar a 2020. Tambaya 15, jimla daga 0 zuwa 60. In layi ya yi tsawo a ranar kilinik, ita nake ɗauka.

Ta uku ita ce OHIP-14, wadda Gary Slade ya taƙaita a 1997 daga wata mai tambaya 49 da suka tsara da John Spencer a Ostareliya. Jimlarta daga 0 zuwa 56. Ta fi shahara, kuma tana da amfani in kana son kwatanta majinyatanka da masu wasu matsalolin baki, kamar ciwon haƙori ko ciwon dasashi. Amma ba ta tambayar komai game da wahalar magani, alhali a wajen mai femfigus da ke shan firednisolon, wato ƙwayar maganin kumburi ta jinsin sitiroyid, maganin kansa na iya zama rabin damuwarsa.

A dukkansu, yawan maki na nufin tsananin wahala. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Wanda ya auna majinyaci da OHIP-14 a watan Rajab, ya dawo ya auna shi da COMDQ bayan Sallah, ba shi da abin kwatantawa. Kuma kafin ka buga kowacce ko ka fassara ta, nemi izinin masu ita.

Mataki na 2: Daidaita Hausar takardar

Da Turanci aka rubuta waɗannan takardu. Kuskuren da na fi gani shi ne ma'aikaci ya riƙe ta Turanci yana fassarawa da ka a gaban majinyaci. Yau ya ce "zafi", gobe ya ce "raɗaɗi", abokin aikinsa ya ce "ciwo". Tambaya ɗaya ta zama uku ke nan.

Fara da binciken ko akwai fassarar Hausa da aka riga aka gwada. In ba ka samu ba, ga yadda ake yi: mutum biyu da Hausa ce harshensu na uwa su fassara, kowa shi kaɗai, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya ba ma'aikacin lafiya ba. A zauna a haɗa fassarar biyu ta zama ɗaya. A ba wani da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta a ga inda ma'ana ta kauce. Daga nan a gwada ta a kan majinyata kamar goma, maza da mata, na birni da na ƙauye, ana tambayar kowa, "Me ka fahimta da wannan tambayar? Faɗa min da kalmominka."

A wannan gwajin ne za ka ga abubuwa. "Damuwa" na iya nufin baƙin ciki a wajen wani, ta nufi matsalar kuɗi a wajen wani. Tambayar da ke magana kan abinci mai kaushi ba ta kamawa sai ka kawo misalin da mutum ya sani: ƙanzo, ƙuli-ƙuli, kilishi, gasasshiyar masara. Abinci mai tsami kuma kunun tsamiya, zoɓo, lemon tsami. In za ka sa misalai, ka rubuta su a takardar, kowa ya ji iri ɗaya. Ka kuma tuna cewa fassarar da kuka yi a ofis ta isa aikin jinya na yau da kullum, amma in bincike za a wallafa, sai an yi mata cikakken gwajin inganci.

Mataki na 3: Lokaci da wuri

A cike takardar kafin a duba baki, kafin kuma a yi maganar magani. Da zarar likita ya leƙa ya ce "ai ya yi kyau sosai", majinyaci ba zai so ya ƙaryata shi ba, duk amsoshinsa za su karkata. Haka in ka goge wurin da gozi ya fama, zafin minti biyar da suka wuce zai rinjayi komai.

Batun ɗan rakiya yana buƙatar dabara. Tsohuwa ta zo da 'yarta, ko mata ta zo da mijinta, ka yi tambaya sai ɗan rakiya ya amsa. Ba da mugun nufi yake yi ba. Amma akwai tambayar da ke cewa ko majinyaci ya gamsu da yadda iyalinsa ke fahimtar ciwonsa, kuma babu matar da za ta ce a'a mijinta na zaune a gefe. Ni abin da nake cewa shi ne, "Alhaji, a ɗan ba mu minti goma, akwai tambayoyin da ƙa'ida ta ce ita kaɗai za ta amsa, da mun gama zan kira ka mu yi bayanin magani tare." Da wuya a ƙi. In majinyaciya ta fi sakewa da mace, nemi ma'aikaciya ta karanta mata. In babu ɗaki, ja kujeru biyu zuwa ƙarshen baranda, ku ba mutane baya, ka yi ƙasa da murya.

Mataki na 4: Bayanin farko, da yadda ake wuce "da sauƙi"

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar kan cewa mara lafiya ba ya kai ƙara. "Da sauƙi" gaisuwa ce, wanda ke kwance rai a hannun Allah ma ita yake faɗa. Ga wasu, lissafa wahalar da suke sha kamar butulci ne ga Ubangiji. In ba ka warware wannan ba tun farko, za ka tashi da takarda cike da 0 da 1 daga mutumin da bai yi barci ba jiya.

Ku gaisa sosai, ka bar shi ya ce da sauƙi, ka ce Allah Ya ƙara sauƙi. Sannan ka ce wani abu kamar haka: "Baba, mun gode wa Allah. Yanzu zan yi maka wasu tambayoyi kan yadda bakin nan ke hana ka wasu abubuwa. Faɗin gaskiyar yadda kake ji ba rashin haƙuri ba ne, da shi za mu san maganin da ya dace. Babu amsar da ke daidai ko kuskure. In ka ce maganin da muka ba ka bai yi ba, ba za mu ji haushi ba, mun fi son mu sani." Jimlar ƙarshen nan kada ka bar ta, domin mutane da yawa na rage wahalarsu don kada likita ya ji kunya.

Ka gaya masa cewa amsoshinsa sirri ne, kuma in bai so amsa wata tambaya ba, ba zai rasa magani ba. In bincike ne, sai da amincewar kwamitin ɗa'a na asibiti da sa hannu ko dangwalen majinyaci.

Mataki na 5: Auna zafi shi kaɗai

Kafin doguwar takarda, tambayi zafi daga 0 zuwa 10: 0 babu zafi sam, 10 zafin da ba a taɓa jin irinsa ba. Wata hanyar ita ce layi mai tsawon milimita 100, majinyaci ya yi alama, kai kuma ka auna da rula daga hagu. In ka yi fotokwafi, sake auna layin, don injin na rage shi ko ƙara shi. Tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba sun fi gane lamba da baki fiye da layi. Ka tambaya sau biyu: zafi a zaune haka kawai, da zafi lokacin cin abinci. Mai laikin filanus na iya cewa 1 a na farko, 8 a na biyu.

Mataki na 6: Cike takardar

Wanda ya iya karatu, ba shi biro ya cike da kansa, kana kusa. Wanda bai iya ba, ko ya manta tabarau, karanta masa kalma da kalma yadda aka rubuta, da murya ɗaya, fuskarka ba ta nuna amsar da kake tsammani. Ka rubuta a saman takarda ko shi ya cike ko karanta masa aka yi, kuma a bi hanya ɗaya a zuwa na gaba.

Amsoshi biyar suna da wuyar riƙewa a ka. Nan ne kofunan ke shigowa. Jera su a tebur: na farko babu komai, na biyu gero kaɗan a gindi, na uku rabi, na huɗu ya kusa cika, na biyar maƙil. Ka ce, "In wahalar da kike sha wajen cin abu mai yaji ita ce geron nan, wane kofi ne naki?" Ta nuna da yatsa, ka rubuta 0 zuwa 4. Na ga matan da ba za su taɓa furta "ina shan wahala matuƙa" ba sun miƙa hannu sun taɓa kofi na biyar ba tare da sun ɗago kai ba. In babu kofuna, zana da'ira biyar a takarda ka shafe su daidai wannan gwargwado.

COMDQ tana tambayar yawan abu ne, daga "ko kaɗan" zuwa "matuƙa". OHIP-14 kuma sau nawa abin ke faruwa take tambaya: bai taɓa ba, da wuya, jefi-jefi, sau da yawa, kusan kullum. Kada ka gauraya katinansu.

Tsawon lokacin da ake tambaya a kai ma sai an tsayar. OHIP ta asali shekara guda take waiwaye, amma masu bibiyar magani kan rage zuwa wata ɗaya. Duk wanda ka ɗauka, ka ɗaure shi da abin da mutum zai tuna: "tun ranar da kika zo nan wancan karon", "tun Sallar layya".

Kurakuran da na fi gani a wannan mataki: ma'aikaci ya ce "ai wannan ba ya damun ki, ko?" ya riga ya ba da amsa. Ko majinyaci ya ba da labari mai tsawo, ma'aikaci ya zaɓar masa lamba daga labarin. Ka saurara, sannan ka ce, "To, a cikin kofunan nan wanne ne?" Sai kuma tsallake tambayoyin halin zuciya don kunya. In tambaya ba ta shafe shi ba, misali ana maganar illar magani shi kuwa bai fara ba, rubuta haka a gefe, kada ka sa 0 kawai ka wuce.

Kafin ya tashi, bi takardar da ido ka tabbata babu gurbi.

Na kan ƙara tambaya ɗaya a ƙarshe wadda ba ta shiga lissafi: "Wane abu ɗaya ne ciwon nan ya hana ka wanda ka fi jin zafinsa?" Malamin makaranta ya ce tsayawa gaban aji. Wani ya ce asuwaki da kurkure baki a alwala. Wata ta ce kishiyarta ta raba mata kofi da cokali don tana zaton ana ɗauka. Rubuta amsar da kalmomin mai ita.

Mataki na 7: Yanzu duba bakin

Bi wurare ɗaya bayan ɗaya: leɓɓa, kumatu, dasashi, saman harshe da gefensa da ƙarƙashinsa, ƙasan baki, ganɗa, har maƙogwaro. Zana inda ciwon yake da girmansa. In ka iya amfani da ma'aunin tsananin ciwo irin ODSS na asibitin Guy's da ke Landan, wanda ke raba baki wuri 17, ya fi. Makin da ido ya bayar da makin da majinyaci ya bayar ka ajiye su gefe da gefe, kada ɗaya ya gyara ɗaya.

Gargaɗi mai girma: takardar tambayoyi ba ta gano cuta. Gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman mai tauri a gefe ko wanda ke tare da kaluluwa a wuya, a tura shi a yanki tsoka a gwada, ko da makin mai shi 5 ne kacal. Ciwon daji na baki kan fara ba tare da zafi ba. Mai femfigoyid da ya ce idonsa na ja ko yana masa kamar da yashi, likitan ido zai gani cikin gaggawa, don cutar na iya yi wa ido tabo har ta kai ga makanta.

Mataki na 8: Lissafi

Abu na farko, nemo tambayoyin da aka juya. A COMDQ akwai waɗanda ke tambayar gamsuwa, kamar gamsuwa da tallafin iyali. A irinsu, wanda ya ce "matuƙa" yana cikin alheri ne, don haka makinsa 0 ne, wanda ya ce "ko kaɗan" shi ke da 4. Yi musu alama da jan biro a kwafinka tun kafin ka fara. Wannan shi ne kuskuren lissafi da ya fi yawa, kuma in kofuna ka yi amfani da su ya fi saurin faruwa.

Tara kowane rukuni daban, sannan jimla. Tun da rukunan ba su kai juna yawan tambayoyi ba, mayar da kowanne kashi cikin ɗari. Misali: zafi 12 cikin 36, kashi 33. Magani 18 cikin 24, kashi 75. Mu'amala da zuciya 14 cikin 28, kashi 50. Tallafi 4 cikin 16, kashi 25. Jimla 48 cikin 104. Wanda ya dubi 48 kawai zai ce matsakaici ne ya wuce. Wanda ya dubi rukuni zai ga cewa maganin ne ke wahalar da wannan mutumin fiye da ciwon.

In an bar tambaya ɗaya ko biyu, ana iya cike gurbin da matsakaicin sauran amsoshin rukunin, a rubuta cewa an yi haka. In gurbin ya yi yawa, kada ka fitar da jimla.

Mataki na 9: Yi aiki da sakamakon a ranar

Koma wa majinyaci da abin da ka gani. In zafi da cin abinci ne a sama, a duba maganin shafawa ko na kurkura, a duba ko farin naman gwari ya hau saboda sitiroyid, a gwada man goge baki marar kumfa da yaji, a auna nauyinsa. In rukunin magani ne, tambayi dalili: tsada ce, ko kurkura sau huɗu a rana ce ba ta yiwuwa a kasuwa, ko tsoron karya azumi, ko kumburin fuska da hauhawar sukari daga ƙwayoyin sitiroyid. Kowanne da mafitarsa. In tallafi ne ya yi rauni, kira ɗan rakiyan nan da ka fitar, da izinin majinyaci, ka gaya masa da bakinka cewa laikin filanus da afta da femfigus ba a ɗaukarsu ta kofi ko cokali ko kwano. In amsoshin zuciya sun yi nauyi, yana kuka ko ya ce ya gaji da rayuwa, kada ka sallame shi da maganin kurkura kawai, haɗa shi da likitan da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ranar.

Mataki na 10: Maimaitawa

Auna a zuwan farko, sannan bayan mako huɗu zuwa shida da fara magani ko canza shi, daga nan duk wata uku zuwa shida gwargwadon yadda ciwon ya lafa. Takarda ɗaya, Hausa ɗaya, kofuna ɗaya. Kada ka nuna masa amsoshinsa na baya sai ya gama na yau. Bambancin maki ɗaya ko biyu a jimla ba abin ginawa a kai ba ne. A ma'aunin zafi na 0 zuwa 10, raguwar maki 2 ko kusan kashi 30 ita ake ɗauka a matsayin sauƙin da majinyaci ke ji a jikinsa.

Mai afta sai an yi hattara da shi, domin yana iya zuwa ranar da bakinsa fes, alhali makon jiya ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Rubuta ko akwai gyambo a ranar ko babu. Ka ba shi kalanda ya riƙa yin alama duk ranar da gyambo ya fito, wanda bai iya rubutu ba ya jefa ƙwayar wake a gwangwani kowace rana mai ciwo, ya zo da shi ku ƙirga tare. A shafin farko na fayil ka ja layi huɗu, kwanan wata, makin zafi, makin kowane rukuni, da abin da aka canza, don duk likitan da ya buɗe fayil ɗin ya gani kafin ya ɗauki tocila.